Ɗan Dako da Mai Turi

Jiya da la'asar Hamani ya ƙetaro gada da bokiti,
kwaɗi shida daga fadamar shinkafar Saga.
Ya ce jika guda, ban taya ba.
Ya tambaye ni da Zabarmanci ko miya zan yi,
na ce aiki ne,
ya yi dariya har goro ya faɗo daga bakinsa.

Yanzu ƙarfe biyun dare a Haro Banda.
Fanka na juyawa kamar an tilasta mata.
Daga ni sai madubi, sai ƙwan kwaɗo,
rabi baƙi, rabi ruwan toka,
bai kai ƙwayar gero ba,
amma cikinsa rumbu ne.
Uwa ta tara kayan aiki tun ba a san uban ba,
ta jera masaƙu, ta zaunar da ma'aikata,
ta ce su jira ruwa.

Malam Tanimun ya zana mana shi da alli bara:
ga zaren saƙo, haruffa uku-uku,
ga masaƙa ta hau kansa,
ga duwatsun wuya iri ashirin a warwatse.
Na kwafa a littafi, na ci jarrabawa,
ban gane ba sai da na tuna Inna Gambina a Tawa,
tana shirya tsakiya a zaure,
ni ina miƙo mata dutse,
ƙanwata Sahiya tana jan zare gaba.
In na miƙo ja a gurbin shuɗi
sai ta maido mini ba ta ko ɗaga kai.

To haka suke, su biyun.
Na farko ɗan dako ne,
ya ɗauko dutse ya kai bakin masaƙa,
in ya dace da haruffa ya sauke, ya koma.
Na biyu mai turi ne,
ya sa kafaɗa, masaƙa ta matsa taki ɗaya,
ba biyu ba, ɗaya.
Kowane zuwa sai an biya da ƙarfin jiki,
da ruwan ciki ake jan na rijiya.
A haka sarƙar furotin ke tsawo,
a haka ake samun wutsiya, da ido, da maƙogwaron kuka.

Tambayata ƙarama ce.
Na ɗebo ɗan dakon kwaɗo
na zuba shi a masaƙar hantar ɓera.
Baƙo ne, daga tabki ya fito,
bai taɓa shan nono ba, bai san gashi ba.
Zai tsaya a ƙofa ne yana neman tafinta?

Sai wuta ta ɗauke.
Na lalubi kwalabe a duhu kamar mai neman ɗanta,
na sauka wurin mai gadi, Baba Attaher,
ya ba ni ƙanƙarar da ya saya don ruwan shansa,
bai tambayi dalili ba.
Na zauna rungume da kula minti arba'in,
sauro na cin rabonsa,
kwaɗin da suka rage suna amsa wa na kogi.

Da asuba na'ura ta fara fitar da lamba.
Na duba sau uku, na goge tabarau.
Baƙon bai yi sallama ba ma,
ya ɗauki kaya ya shiga layi
kamar a gidan aka yanke masa cibi.
Sarƙa ta yi tsawo.

Na rubuta adadin, hannuna na rawa kaɗan.
Sau ɗaya ne, sai na maimaita,
Malam zai ce ina gwajin da babu kowa a ciki,
kuma yana da gaskiya.

Amma da na fito, masu lambu na shiga kwalekwale,
na taɓa ƙarƙashin haƙarƙarina na dama,
inda tawa hantar ke dako ba hutu,
na tuna bokitin Hamani yana wurina.
Kwaɗi huɗu na ciki.
Na bi ta bakin ruwa kafin in nemi taksi.